Tsibirin da Yayana Ya Je

A rediyon maigidana na fara jin maganar. Ina tsugune ina tuƙa tuwon leburori, shi kuwa ya manna akwatin a kunci kamar mai ciwon haƙori, sai ya ɗaga mini hannu wai in sassauta muciya, ana babbar magana. Babbar maganar ita ce ƙasarmu ta ƙulla zumunci da wata ƙasa da ke tsakiyar teku. Ƙasar tsibiri ce, ba garin Tsibirin Maradun da muka sani ba, wata ce can da sai an hau jirgin sama. Mai karanta labarai ya faɗi sunanta, maigidana ya maimaita, kowa da irin tasa faɗar, ni kuwa har yau ban wahalar da harshena a kai ba.

Wai za mu buɗe ofishin jakadanci a can, su ma su buɗe a nan. Za mu ba su man fetur da rangwame. Za mu aika musu 'yan sanda su koya wa nasu aiki, da jirgin ruwan soja ya riƙa zaga musu gaɓa saboda ɓarayin kifi. Su kuma, da yake ba su da abin bayarwa sai ruwa da abin da ke cikinsa, za su koya mana kamun kifi. Da aka zo kan 'yan sanda na saki muciya na yi dariya. Mu na bakin dam mun san irin karatun da suka iya bayarwa, don haka na tausaya wa mutanen tsibirin tun ban san kalarsu ba. Maigidana ya ce ban san harkar duniya ba. Direban tifa ne a aikin dam, amma da zarar ya kunna rediyo sai ka rantse da shi aka sa hannu.

Da maganar ta tsaya a rediyo da tuni na manta da ita, don a shekarun nan kullum sai an ƙulla wani abu da wasu. Abin da ya sa ta zauna mini a rai shi ne har gida ta biyo mu, ta ɗauki yayana.

Mu 'ya'yan masunta ne. Garinmu na bakin gulbi, sama da Maradun, yana ƙarƙashin ruwan dam yanzu, da masallacinsa da tsamiyarsa da kabarin babanmu. An kwashe mutane an zube su a kan wani tudu mai tsakuwa, aka ce ga sabon gari. Ni aure ya riga ya kawo ni Talata Mafara, ina sayar da abinci ga ma'aikatan dam. Yaya, wanda shi ne babba a ɗakinmu, ya zauna a tudun da matarsa da Inna, mahaifiyarmu. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma yana da girman kai irin na mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba. A gulbi yakan kwanta a kan gorarsa da homa, 'yar ragar kamun kifi, a hannu, ya bi gurabun da ya sani tun yana yaro, kafin hantsi ya cika ƙwarya. Amma ruwan dam wani abu ne daban. Faɗi gare shi, ga zurfi, iska na tasowa ta ta da igiyar ruwa da za ta kife ɗan kwalekwalensa, bishiyoyin da suka nutse kuma suna yage koma, babbar ragar masunta. Baƙin masunta suka zo daga nesa da manyan jirage suna kwasar kifi a kan gonakinmu, shi yana bakin gaɓa yana kamo 'yan ƙanana da ko miya ba sa isa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma na ga yadda ya rame.

Ana nan sai aka ce ministan tsibirin zai zo ya ga dam. Aka yayyafa wa hanya ruwa, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, aka jera 'yan makaranta a rana tun safe da tutocin takarda. Aka ɗebo masunta a mota, aka ce kowa ya zo da gorarsa da homarsa ya tsaya a bakin ruwa. Kifin da za a nuna kuwa a kasuwa aka sayo shi, aka zuba a jirgi, aka watsa masa ruwa don ya yi sheƙi. Ina wurin da tukunyar shinkafata, na ga komai. Ministan ɗan guntun mutum ne cikin kwat mai gajeren hannu, yana ta sharce gumi. Ya ɗaga wata tarwaɗa da ta kwana biyu da mutuwa, ya gyaɗa kai kamar ya ga abin mamaki. Da ya zo kan Yaya, wataƙila don ya fi kowa tsawo kuma zai yi kyau a hoto, sai ya riƙe hannunsa ya yi magana. Tafinta ya ce, wai sai kun haɗu a can.

Irin wannan magana ce da manya ke yarwa a hanya kamar ɓawon gyaɗa. Yaya ya ɗauke ta a matsayin alkawarin namiji. Bayan 'yan kwanaki kuma jami'in kifi, wani mai tumbi da tabarau, ya je har tudun, a gaban mai gari da dattawa, ya ce yarjejeniya ta tanadi a kai wasu masunta tsibirin su koyi kamun kifi a babban ruwa, su dawo da jirgi mai inji, kuma Yaya yana ciki. Ya shirya, bayan Salla za a tashi. Ba kwaɗayin jirgin sama ne ya kama yayana ba, wannan zan iya dafa littafi a kai. So yake ya iya ruwan da ya cinye garinmu, ya ciyar da gidansa da shi kamar yadda babanmu ya yi.

To mutanenmu tafiya ɗaya tak suka sani da ake hawa jirgin sama a ƙetare teku, ita ce ta aikin hajji. Don haka shirin hajji aka yi masa. Ya bi gida-gida yana neman gafara, har gidan wani da suka yi shekaru ba sa gaisawa a kan wurin kafa gura, tarkon kifi. Ya mayar da duk abin aro. Ya yi wasiyya a gaban liman. Kwalekwalensa da komarsa ya kyautar wa ɗan kawunmu, tun da jirgi mai inji na tafe. Sannan guzuri ya fara shigowa daga mutanen da su kansu ba su san abin da za su ci gobe ba: ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin fura, bargo, hula, har da bandar kifi, don kada mutum ya je tsakiyar teku ya rasa kifi. Wata tsohuwa da ba ta da kowa ta kamo kazarta guda ɗaya ta sa aka yanka, ta soya masa da hannunta. Wani alhaji ya zaunar da shi ya yi masa dogon bayani a kan yadda ake kama ruwa a cikin jirgi.

Ranar tafiya gari gaba ɗaya ya rako shi har bakin titi, mata na guɗa, liman ya yi addu'ar da ta kai rabin hantsi. Na je, kuma ban ɓoye ba, ni ma na yi hawaye. Mai gari ya riƙe hannunsa ya ce, "Tai ka koyo, ka zaka ka koya ma ɗiyanmu. Kai ad dai muka da shi." Da wannan maganar a kansa ya shiga mota zuwa Sakkwato, inda aka ce a can za a taru.

Ba a jima ba, wata rana da azahar, lokacin da zafi ke korar kowa daga titi, na ji sallama ƙasa-ƙasa ta ƙofar baya. Na leƙa sai ga mutum ya naɗe fuska da rawani, da buhu a ka. Ƙafafunsa na gane. Na ja shi ciki, na ba shi ruwa, ya sha ya daɗe yana kallon ƙasan kwanon.

Na ce, "Yaya, lahiya? Jirgin na yab ɓaci?"

Ya ce, "Jirgi ya tashi. Mu na anka bari."

A hankali na zaro labarin daga bakinsa. An ajiye su a wani gida a Sakkwato, an ɗauke su hoto, an yi musu allura a dantse. Suna zaune suna jira, sai aka ce kujeru sun yi kaɗan, don 'yan sandan da za su je koyarwa sun ƙaru, har da masu busa da masu ganga. Sauran kujerun masunta kuma an duba an ga mutanen tsibiri ba sa jin Hausa, don haka sai masu jin Turanci. Sai ga wasu samari da takalma sau-ciki da tafin hannu kamar na jarirai, 'ya'yan wane da ƙannen matar wane, an ce su ne masunta. Jami'in kifi ya ce wa su Yaya kowa ya koma gida, za a neme su a zagaye na biyu.

Na ce, "To ka tai gida mana. Mi kay yi? Kai kas sace jirgin?"

Ya ce, "In tai da wane ido? Na nemi gahwarar gari. An raka ni da guɗa. Tsohuwar nan kazarta guda ta, kuma na cinye ta."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo masa Allah da Annabi. Ya ce shi dai zai jira zagaye na biyu, in ya so daga can sai ya koma gida kamar mutum. In ba zan ajiye shi ba zai nufi kudu inda ba a san shi ba. Na san halinsa, zai aikata. Sai na share masa ɗakin ajiya, inda nake tara buhunan dawa da tsofaffin tukwane, na shimfiɗa masa tabarma.

Maigidana ya saka babbar rigarsa ya tafi ganin jami'in kifi. Ya dawo yana mini bayani da muryar mai karanta labarai, wai maganar tsakanin ƙasa da ƙasa ce, ta fi ƙarfin jiha, sai abin da jakadu suka ce. Ya ƙara da cewa ita yarjejeniyar ba ta da laifi, wajen aiwatarwa ne aka sami tangarɗa. Na ce ya je ɗakin ajiya ya faɗa wa tangarɗar haka, tana can zaune a kan buhu. A ranar, shi da kansa ya zuba wa kansa tuwo.

Damina ta sauka ta same shi a ciki. Mutumin da tun tasowarsa rana ba ta taɓa samunsa a ƙarƙashin rufi ba, ga shi yana wuni tsakanin buhuna. A nan yake salla, kuma ranar Juma'a in an kira salla a masallaci sai in ji ya yi tsit, abin yana cinsa. Don kada zaman ya kashe shi yakan tsince mini shinkafa, ya gyara tabarmi, ya saƙa mini ragaya sabuwa ta rataye ƙwarya. Fatarsa ta yi haske, kumatunsa suka ciko, ya zama daidai mutumin da ya je ƙasar waje. Ta jikin bango yake jin rediyon maigidana yana ba da labarin cewa masuntanmu a tsibirin suna nuna hazaƙa, jakadanmu ya ziyarce su ya yaba, jirgin sojanmu ya kori ɓarayi, an yi liyafa. Zagaye na biyu dai ko a bakin mai busa ba a ambace shi ba.

Ranar Talata ce tashin hankalina, don ranar kasuwa ce, mutanen tudu sukan biyo su sha ruwa su tambayi labarin matafiyi, tun da ni ce ta birni kuma mijina na da rediyo. Sai in ce lafiya lau yake, yana gaishe su. Su yi ta sa masa albarka a tsakar gidana, shi yana bayan ƙyaure yana ji. A irin wannan ranar ce ɗan kawunmu ya kawo labarin cewa matar Yaya ta sauka, an sami namiji. Na yi guɗa kamar yadda ya kamata, zuciyata tana ƙuna. Da suka tafi na shiga na same shi ya juya fuska ga bango. Na ce ga dalili ya samu, ya tashi ya tafi suna. Ya ce ba a dawowa daga teku don suna. Aka yi suna ba shi. A ranar na tsane shi, na tsani mai tabarau, na tsani ɗan guntun ministan nan da tarwaɗarsa, na tsani ƙasashen biyu da duk wanda ya riƙe musu alƙalami.

Wata Talatar, ana tsakiyar damina, sai ga Inna da kanta. Ba ta saba tafiya ba, ƙafafunta ba sa so, amma ta hau bayan a-kori-kura ta zo. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi maigida da kasuwa da ruwa da gajiya. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Tana shan fura idonta ya kai kan sabuwar ragayar. Ta miƙe da ƙyar ta je ta taɓa ƙullin, ta murza shi da yatsa. Ƙullin koma ne irin na babanmu, mutum biyu kaɗai ya koya wa, ɗayan kuma ya rasu. Ta jawo tabarmarta daga inuwa, ta kai ta bakin ɗakin ajiya, ta zauna ta jingina bayanta da ƙyauren.

Ta ce mini, da murya sama da yadda ta saba, "In kin samu mai zuwa can wurin yayanki, ki ba shi saƙo."

Na ce, "To, Inna."

Ta ce, "Ki ce mai an yi suna lahiya, an sa ma yaro sunan ubanai. Ki ce mai ni ba jirgi nika jira ba, ba kuma kihi ba. Ki ce mai ƙahwahuna sun hwara kumburi, in shina son shi ishe ni zaune, shi gama karatun nan haka nan."

Ta ƙara da cewa, "Wanda duk anka raka, dawowa tai aka jira. Ba a tambaya tai mi yaz zo da shi."

Ko motsi ba a yi a cikin ɗakin ba. Da za ta tafi ta kwance ƙullin hoce daga zanenta, gasasshiyar wainar dawar nan da Yaya ya fi so tun yana yaro, ta ajiye a bakin ƙofar, ta ce in ba mai gadin dawa. Na raka ta har tasha, ba ta sake ta da maganar ba, ni ma haka.

Na dawo na same shi yana kuka irin na manyan maza, wanda ba sauti sai kafaɗa. Ya ce zai koma. Na yi hamdala, na ce to ya je ya faɗi gaskiya a gaban mai gari, kunyar ta masu yarjejeniya ce, ba tasa ba. Ya girgiza kai. Ya ce mutanen tudu ba su san wata yarjejeniya ba, wanda suka raka suka sani. An cinye musu gari, an cinye musu gona, abu guda da suka ga gwamnati ta ba su shi ne wannan tafiya, ba shi ne zai je ya ce musu ita ma ƙarya ce ba. Zai koma a matsayin wanda ya je. Na ce masa wannan wauta ce mai rawani. Ya ce ya ji, amma haka zai yi.

Matafiyi kuwa ba ya shiga gari hannu rabbana. Maigidana ya bi motar Gusau ya sayo tsaraba: kwakwa, kifin gwangwani, 'yan madubai, da wata farar hula mai baki irin ta matuƙan jirgin ruwa, wadda ya samo a wurin masu gwanjo. Sannan ya zaunar da Yaya a kan buhu ya yi masa darasin teku kamar yadda ya tsinta a rediyo. Ruwanta gishiri ne, ba a sha. Tana cika ta janye da kanta ba tare da an yi ruwan sama ba. Akwai kifin da ya fi saniya. Yaya yana maimaitawa, maigidana yana gyara masa, shi da ko gulbi bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba. Iyakar sanina, wannan ne kaɗai horon da masuntan ƙasarmu na gaske suka samu a ƙarƙashin wannan babbar yarjejeniya, direban tifa ne ya bayar a ɗakin dawa.

Na raka shi tudun. Tarbar da aka yi masa ta fi rakiyar. Aka fasa kwakwar aka yanka ta ƙanana-ƙanana don kowane gida ya samu, tsohuwa mai kaza ta ƙi cin nata, ta ƙulle a bakin zane. Ya ɗauki ɗansa, ya durƙusa gaban Inna, ta shafa kansa ta ce sannu da hanya, ya ruwa. Dattawa suka zauna ya ba su labarin ruwan gishiri, suna salati. Ko akwai waɗanda suka sani? Ina zaton akwai. Talata Mafara ba Ikko ba ce, kuma leburorin da ke cin tuwona ba kurame ba ne. Amma ba wanda ya ɗaga gira. Inna ta samu abin da take so, ya same ta zaune, kuma da kaka ta yi ta rasu, shi ne ya sa ta a kabari da hannunsa.

Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne samari. Su da gaske suka ɗauka. Ruwa na janyewa suka zo masa a ƙungiya, suka ce ga su, a fara karatu, a shiga tsakiya inda baƙi ke kwasa. Ɗan kawunmu ya jawo kwalekwalen ya ce ga abinsa ya mayar masa. Yaya ya ce kyauta ba ta komawa, kuma wannan ɗan katakon ba na babban ruwa ba ne, a jira jirgi mai inji. Suka jira. Jirgin ya zo daga baya, guda ɗaya, aka yi masa biki da jawabai da sabuwar farar ƙasa, aka miƙa shi ga ɗaya daga cikin samarin nan masu takalma sau-ciki, wanda ya dawo daga tsibirin da faffaɗan wando da akwatin garmaho ya zama babban jami'i. Da shi ya riƙa zagaya yana tambayar masunta takardar izini, har injin ya mutu, aka jawo jirgin gaɓa awaki suna kwana a inuwarsa. Samarin tudu suka sake dawowa wurin Yaya. Ya ce a ƙara haƙuri, nasu yana hanya. Haka ya yi ta ce musu har suka gaji, wasu suka bi baƙin masunta suna yi musu dako, wasu suka tafi ci-rani.

Shi kuwa bai shiga tsakiya ba, bai kuma koma bakin gaɓa ba. Kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya koma Bakura, ya zama lebura a gonakin rani, yana ɗaurin albasa da yankan alkama a gonar wasu. Na yi ta zuwa ina ganinsa, dogon mutum a sunkuye cikin kunya, ruwan dam yana wucewa a kwata ta gefen ƙafarsa.

Shekaru sun ja kafin in tambaye shi. Muna zaune a ƙofar gidansa da la'asar, gashinsa ya yi fari, nawa ma ya fara. Na ce, yanzu dai kowa ya manta da tsibiri, rediyo ma ya koma ƙulla zumunci da wasu, me ya hana shi ɗaukar gora ya koma ruwa ko don miyar gidansa.

Ya ce, "In nis shiga da homa bakin gaɓa, cewa za su yi, wanga shi na abin da yak koyo teku? In nis shiga tsakiya, ban san ta ba, kuma ba ni ɗai zan tai ba, ɗiyan mutane za su bi ni."

Na ce, "Da ka hwaɗi gaskiya tun ranar, da yanzu kana ruwa."

Ya ce, "Awo. Na sani."

Muna nan zaune matarsa ta leƙo daga zaure ta ce mai kifi ya zo, a saya ko a bari. Ya laluba aljihu ya ce a saya na miya. Har ya koma ga Allah, kifin da ake ci a gidan yayana sayensa ake yi.